Tun Da Inna Ta Rasu Karatu Da Waƙa Suka Fita Raina

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekarata 34, ina da aure da yara uku. Tun ina sakandare nake son wasan kwaikwayo, kullum ni ake ba tsohuwa mai faɗa, littafin Hausa kuwa ba ya kwana biyu a hannuna ban gama shi ba. Ina da littattafan rubutu guda uku cike da labarai da waƙoƙin da na tsara, suna can ƙasan akwati. A wurin Innarmu na gaji abin, don ita ba ta daka sai da waƙa, ba ta kwantar da mu sai da tatsuniya, kuma duk abin da na rubuta ita nake fara karanta wa. Bana shekara biyu da rasuwarta, tun daga nan komai ya fita raina. In na ɗauki littafi, shafi biyu na ajiye. Waƙar da a da take tayar mini da tsikar jiki yanzu jinta nake kamar ƙarar injin markaɗe. Dare ya yi sai in yi ta latsa waya har sha biyu, in kwanta ban tsinci komai ba. Maigidana bai hana ni ba, amma ya ce harkar 'yan mata ce, na girma. Yayarsa kuwa ta ce shirme ne, kiɗa ma haramun ne. Ina so in dawo yadda nake, in ma koma rubutu, amma ban san inda ake samo ilhama ba. Ko dai ta ƙare mini ke nan?

Malama, daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya ba ku juriyar rashinta. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, don na san ita ce take hana ki barci: ba ta ƙare miki ba. Hujjata tana cikin wasiƙarki. Kin ce waƙa ta koma miki kamar ƙarar injin markaɗe. Na daɗe a kan wannan jimlar, don sai da na ji ƙarar a kunnena, na ga layin yara da robobin wake suna jira, na ji yadda mutum ke ƙosawa a kashe injin ya huta. Wadda basirarta ta ƙafe ba ta kawo kwatance irin wannan. Rijiyar tana nan da ruwanta, ƙanwata, guga ne aka daɗe ba a zura ba.

Amma kafin mu shiga zancen littafi, bari in yi miki tambayar da yaya za ta yi wa ƙanwarta. Karatu da waƙa kaɗai ne suka fita ranki, ko har da abinci, da hira da yara, da zuwa biki da suna? Kina samun barci? Kina wayar gari jiki a mace ba ki yi aikin komai ba, ko kuka ya riƙa zo miki haka kawai, ko ki ji zaman duniyar ma ya ishe ki? In haka ne, kuma an ɗauki makonni ana abu ɗaya, to ya wuce kewa, yana iya zama ciwon damuwa, shi kuwa ciwo ne kamar hawan jini, ana maganinsa. Asibitin koyarwa na Shika yana kusa da ke, akwai likitocin wannan fanni, haka ma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa wurinsu ba ya nufin hauka, ba ya nufin raunin imani. Ki haɗa da addu'a ki je. In kuwa sauran rayuwarki na tafiya daidai, wannan ɓangaren ne kawai ya yi shiru, to gyara zama mu yi magana.

Ni ma na taɓa faɗawa irin wannan ramin. Shekarar da mahaifinmu ya rasu na yi kusan wata goma ban karanta komai ba in ban da Alƙur'ani da takardun wurin aiki. Littattafaina suka yi ƙura ina kallonsu kamar kayan wani. Wata ranar Alhamis da rana tsaka ina zaune a tasha cikin motar Funtuwa, saura mutum biyu ta cika, zafi ya ishi kowa, wata mata kusa da ni tana yi wa jaririnta fifita da gefen mayafi. Sai ga wani makaho ya tsaya a bakin taga, wani yaro ɗan shekara bakwai ko takwas yana riƙe da kan sandarsa, ɗaya hannun kuma da 'yar ƙaramar roba. Ba ganga, ba kalangu. Ya gyara tsayuwa, ya ɗan ɗaga haɓa sama, ya ja baitin Imfiraji. Muryarsa a dushe take, har tana karyewa a ƙarshen ɗango, amma bai yi gaggawa ba, kowace kalma sai da ya ba ta haƙƙinta. Baitocin nan na san su tun ina yarinya, na sha jinsu a rediyo ina wanke-wanke ban ko kula ba. Ran nan kuwa da ya iso inda ake zancen mutuwa da yadda duniya ke yaudarar mai ita, sai na ji kamar an kwance wani ƙulli a ƙirjina. Na rufe fuska da mayafi na yi kukan da na kasa yi ranar da aka fita da Baba. Matar nan ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ɗora hannunta a gwiwata har mota ta tashi.

Mai waƙar ɗan ƙasarku ne, Malam Aliyu Namangi. An haife shi a 1894, ya rasu a 1990, kuma tun yana ƙaramin yaro ya rasa idonsa, bai taɓa ganin baƙin da aka rubuta waƙarsa da shi ba. A ka yake tsarawa, ya rera, wasu su rubuta, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Sunan waƙar ma daga Larabci yake, ma'anarsa yayewar ƙunci. Da na dawo daga tafiyar nan na nemi ɗan littafin na saya, na sa wa kaina ƙa'ida: baiti biyu bayan sallar asuba, da murya, ba a zuci ba. Ko na ji ina son ƙari ba na ƙarawa. Ana cikin haka, bayan kamar wata guda, na tsinci kaina na jawo wani littafin labari daga kanta na karanta rabinsa a zama ɗaya.

Zuciyar da ta sha wuya kamar cikin mai azumi take, ba a buɗa mata baki da tuwo malmala uku. Dabino ɗaya da ruwa, sannan kunu, tuwo sai can an jima. Ke kuwa littafi mai shafi ɗari biyu kike ɗauka kina so ki cinye shi yadda kike yi kina 'yar shekara sha bakwai, da kin kasa sai ki yanke wa kanki hukunci. Shafi biyun nan da kike rainawa, ki mai da su su zama rabonki na yini. Ki zaɓi abu ɗaya, waƙa ɗaya ko gajeren labari ɗaya da kika taɓa so, ki zauna da shi mako guda. Ki karanta da murya, don Hausa a kunne take da daɗi, akwai abin da harshe ke ɗanɗana wanda ido shi kaɗai ba ya kaiwa gare shi.

Ita kuma waya ba zan ce ki jefar da ita ba, za ta yi mana amfani an jima. Amma ki san yadda aka gina ta. TikTok da Facebook an tsara su ne ba su da ƙarshe, kina gama wannan wani ya hau, na'urar kuma tana lura da abin da ya tsayar da yatsanki ta ƙaro miki irinsa. A dare ɗaya sai ki ji guntayen waƙoƙi barkatai, babu wadda aka bari ta zauna a ranki ko na minti ɗaya. Littafi yana da bangon ƙarshe, waƙa tana da baitin rufewa, wasa yana da lokacin tashi, kuma a ɗan shirun da ke biyo baya ne abin da mutum ya ji yake nutsewa cikinsa. Wayar ba ta barin wannan shirun. Daga ƙarfe goma na dare ki sa ta caji a falo ki shiga ɗaki ba ita.

To, ina ake samo ilhama? Mutane da yawa sun ɗauka wata aba ce da ke sauko wa mutum yana kwance, kamar mafarki. Tarihin garin da kike zaune bai nuna haka ba. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, a lokacin da ba a saba da irin wannan rubutun ba. Cikin waɗanda suka amsa kira akwai malaman makaranta irinki, masu alli a hannu da rajista a hammata. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, bai wuce shekara 22 ba. Yayansa Malam Bello Kagara shi ma malami ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauci. Daga wannan gasar aka sami Ruwan Bagaja da 'yan'uwansa. Bayan 'yan shekaru aka ɗauko Imam aka kawo shi Zariya, aka tara masa littattafan labaran Larabawa da na Indiya da na Turai, ya zauna wajen wata shida yana karantawa yana rubutawa, abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Ya ci na wasu ya ƙoshi, sannan ya dafa nasa a tukunyar Hausa, da sarki da waziri da aku, har yaron da ya karanta ba zai taɓa zaton wani labarin daga wata ƙasa ya taso ba. Ga karatu mai yawa, ga zama a kan kujera kullum, ga wanda ke jiran a miƙa masa aikin. A tsakiyar aiki ilhamar ta same shi, kuma ban san wani marubuci ko mawaƙi da ta zo masa ta wata hanyar ba.

Abin da za a rubuta a kai ma ba sai an je nesa ba. Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2015, da me ya yi suna? Da kuntigi, ɗan abin da bai fi tafin hannu ba, gwangwani ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tal. Makaɗa da yawa fada suka nufa da ƙofar attajirai, shi kuwa abin da ya fi shahara da shi shi ne duban talaka: yaron mota da ke kwana a kan kaya, da mata da miji da zamansu ya ƙi daɗi. Mutanen da kowa ke wucewa bai gani ba, shi ya tsaya ya dube su. Ke kuma Allah ya ba ki aji cike da yara. Na tabbata akwai yarinyar da kullum a makare take zuwa don sai ta kai tallan koko. Akwai yaron da ke zama can baya ba ya magana, amma ya cika bayan littafinsa da zanen babur da jirgin sama. Akwai mai awara a bakin ƙofar makaranta da ta san halin kowane gida a unguwar. Ki sayi ɗan ƙaramin littafi ki jefa a jaka, kowace rana ki rubuta abu ɗaya da idonki ya gani ko kunnenki ya ji, layi uku kawai. Kada ki yi sharhi, kada ki yi wa'azi a kai. In yaro ya faɗi wata magana da ta ba ki dariya, ki rubuta ta yadda ya faɗe ta. Wannan bai kai labari ba tukuna, tara itace ne kafin a hura wuta.

Ido ma koya masa kallo ake yi, a nan ne zane da aikin hannu suke shigowa. Wata Asabar ki shiga cikin birni ki nemi gidan da mata ke ɗinkin hannu na babbar riga, ai Zariya ta yi suna da shi. Ki zauna kusa da mai yi. Ki kalli yadda aka fara fitar da zanen aska biyu ko aska takwas a jikin shadda, yadda take ɗora yadin a gwiwa ta lanƙwasa shi a yatsa, allura na shiga tana fita, zare na cike gurbi kaɗan-kaɗan, sai an yi makonni kafin a gama gaban riga ɗaya. Ki tambaye ta wane wuri ya fi ba ta wuya, kuma don me. A hanyar dawowa ki ɗaga kai ki dubi tsofaffin gidajen ƙasa, da zankwayensu, da dagin da aka zana a saman ƙofar zaure. Tsohon masallacin Juma'ar birnin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, da ƙasa da azara, kuma masu nazarin gine-gine har daga ƙasashen waje sun yi ta rubutu a kan bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufinsa. In kin koma gida ki ciro naira ashirin ki juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya a jiki Ladi Kwali ce, 'yar ƙasar Gwari, wadda ta koyi sana'ar tun tana yarinya a gida, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ƙadangare da kifi da kunama, abubuwan da ta tashi tana gani, su ta riƙa zanawa a jikin tulunanta, har aka kai su baje koli a Landan. Kullum tana hannunmu muna ba mai kayan miya, ba mu taɓa tsayawa mun dube ta ba.

Wasan kwaikwayo kuwa, Malama, kin fi kowa sa'a, don 'yan wasanki suna gabanki daga Litinin zuwa Juma'a. Yaran nan da iyawarsu aka haife su. Dubi tashe: azumi na kwana goma za ki ga yaro ya manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a bayan riga ya yi doro, ya dogara sanda yana tafiyar tsoho, 'yan mata kuma suna Mairama da Daudu suna kwaikwayon zaman aure. Wa ya koya musu a aji? Ki nemi izinin hedimasta, ki ware minti goma sha biyar a ƙarshen darasin Hausa sau ɗaya a mako. Ki ɗauki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ki raba musu. Zanin gado ya isa labule, garin alli ya isa furfura. Yaron nan mai shiru na baya, shi za ki ba sarki, ki ga abin mamaki. In yarinyar da kika ba tsohuwa ta kasa, ki ɗaura ɗankwali a goshi, ki ranƙwafa, ki nuna mata yadda ake yi. Ina da yaƙinin tsohuwar nan mai faɗa tana nan a jikinki ba ta je ko'ina ba. Sannan a Samaru, cikin jami'a, akwai dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, da fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da tsakar gida, ɗalibai suna nuna wasanninsu a wurin. Ki sa a tambayo miki ranar da za su yi na gaba, ki ɗauki babban cikin yaranki ku je. Mutum da ransa yana wasa a gabanki, kina jin numfashinsa kina ganin gumin goshinsa, 'yan kallo na dariya tare da ke, daban yake da fim a waya.

Sai maganar maigida. Ban ga mugunta a abin da ya faɗa ba, abin da ya saba gani ne, kuma kin ce bai hana ki ba, wannan ki riƙe shi da kyau. Kada ki tsaya musu da shi. Ke dai ki sani a ranki cewa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, tana da aure da 'ya'ya da hidimar gidan Waziri Giɗaɗo, amma ta yi ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci har tsufanta, jajoji, wato matan da ta horar don koyarwa, suna haddacewa suna kai wa matan ƙauye. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa da jikokinta take kiɗan ƙwarya har ta rasu a 2013. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, da girmanta ta koma neman ilimi, ta zama marubuciyar da har aka fassara littafinta zuwa Turanci. Cikinsu babu 'yar yarinya. Wata rana bayan an ci tuwon dare, in kin ga ransa a sake, ki ce, "Baban yara, saurari wannan," ki karanta masa shafi ɗaya na abin da zai tuna masa da ƙuruciyarsa. Maza da yawa masu cewa ba ruwansu da littafi, in aka taɓo labarin da suka karanta a firamare, su ne za su ƙarasa miki shi.

Batun kiɗa, malamai sun daɗe da saɓani a kansa, ni kuma ba zan ba ki fatawa ba. Ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, ki bi abin da zuciyarki ta natsu da shi. Ko da kin zaɓi barin kiɗa gaba ɗaya, rubutacciyar waƙa ba ta bukatar ganga. Ga Namangi, ga Sa'adu Zungur, ga Mu'azu Haɗeja, ga Aƙilu Aliyu, sun ishe ki shekaru. Yayar miji kuwa a girmama ta, a gaishe ta, a kai mata zumunci, ba dole sai ta ga littafinki ba.

Na bar magana mafi nauyi sai yanzu. Kin ce duk abin da kika rubuta Inna kike fara karanta wa. Ai ga bakin ciwon nan, ƙanwata. Mai sauraronki kika rasa. Duk sanda kika buɗe littafi, zuciyarki ta san in ta ji daɗi babu wadda za ta ruga ta gaya wa, sai ta ja ƙofa ta rufe don kada ta sake jin zafin. Shi ya sa ba na so ki yi ta jiran ranar da kewar Inna za ta wuce sannan ki koma rubutu. Nana Asma'u da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello ya rasu a 1837 marsiyya ta yi masa, haka ta yi wa mijinta, haka ta yi wa aminiyarta A'isha. Da hawayen a idonta ta tsara baitocin, kuma ba wanda ya ce ta kasa tawakkali.

Waƙoƙin dakan nan na Inna da tatsuniyoyinta, suna ina yanzu? Injin da kika ambata shi ya kashe waƙar niƙa, siminti ya tafi da waƙar daɓe, 'ya'yanki ba za su ji su a ko'ina ba in ba a bakinki ba. Kuma na san ba duka kike tunawa ba, wata kin riƙe amshi kin manta jikinta, wata tatsuniyar kin san farko kin rasa yadda ta ƙare. Inna tana da ƙanne ko yayye ko aminan da suka yi 'yanmatanci tare. Ki shirya ki kai musu ziyara da ɗan goro da sabulu, ki zauna a tabarma, bayan an gama gaisawa ki ja musu farkon waƙar ki yi shiru. Za ki ga tsohuwa ta yi murmushi ta ce, "Ke, ina kika tono wannan?" sannan ta kama, wataƙila har da tafi. A nan wayar za ta biya bashinta: ki nemi izini, ki danna ɗaukar murya, ki ajiye ta gefe ki manta da ita. Ki tambaya a ina suka koya, wa ya fi iya ta a cikinsu, su nawa suke lugude a turmi ɗaya, wa ake yi wa habaici a baitin nan. Za ki dawo da waƙa, ki kuma dawo da labarin Inna tana budurwa wanda ba ki taɓa ji ba. Wannan kada ki ce sai an yi hutu, sai an yi albashi. Tsofaffin nan ba jiranmu suke yi ba.

In kin dawo gida ki saurara ki kwafe a sabon littafi, kalma bayan kalma, yadda ta fito daga bakinta, kada ki gyara mata Hausa. Kuka zai zo, ki bar shi ya zo, ki yi wa Inna addu'a ki ci gaba. Daren da kika kammala tatsuniya ɗaya, ki tara yaran nan uku ki ce musu gatanan gatananku, ki gaya musu ta kakarsu ce. Kin sami sababbin masu sauraro ke nan. Daga baya, in ƙafa ta yi ƙwari, akwai ƙungiyar marubuta ta ANA mai rassa a jihohi, inda ake haɗuwa a karanta wa juna, akwai kuma gasar Hikayata ta mata zalla da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Amma bana ba na so ki sa gasa a gaba, kada ki ɗora wa kanki wani alƙalin bayan wanda ke cikin ranki.

Littattafan nan uku na ƙasan akwati ki fito da su ki kaɗe, su sha iska. Ranar da za ki buɗe su ki ajiye jan biro a makaranta, yarinyar da ta rubuta su ba jarrabawa take yi ba. In kin samo waƙar dakan farko, ki turo mini baiti biyu da sunan garin da Inna ta tashi, ina so in ji ko irin wadda kakata take yi ce. Allah ya jiƙan Inna da Babanmu da dukkan Musulmi. Ki gaida maigida da yara.

Antinki